Yadda Za Ka Shirya wa Matasa Zaman Sauraron Opera a Ƙasar Kabi

Opera wani nau'in wasan kwaikwayo ne wanda 'yan wasansa ke rera maganganunsu maimakon su faɗe su, yayin da rukunin makaɗa, waɗanda a manyan gidaje yawansu kan kai sittin zuwa ɗari, ke zaune a wani rami a gaban dandamali suna raka muryoyinsu. An fara ta ne a birnin Fulorans na Italiya a ƙarshen ƙarni na 16, kuma mafi tsufa daga cikin waɗanda har yau ake yawan nunawa ita ce L'Orfeo ta Claudio Monteverdi, wadda aka gabatar a fadar Mantuwa a 1607. Da farko abin sarakuna ne da baƙinsu, sai a 1637 aka buɗe gida na farko a Benis wanda duk mai kuɗin tikiti zai iya shiga. Na rubuta wannan bayani ne domin malamin adabi ko shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yawuri, wanda yake son ya zaunar da ɗalibansa su saurari opera ɗaya tun daga farko har ƙarshe, su tashi sun fahimci abin da suka ji.

Kafin ka tara kowa, yana da kyau ka san halin da wannan sana'a take ciki a ƙasashen da suka raine ta, domin ɗalibai za su tambaye ka. Opera tana da tsada ta hanyar da ba a iya kauce mata, tun da ba za a rage makaɗa ko 'yan amshi daga abin da aka rubuta ba tare da an ɓata aikin ba, kuma kuɗin tikiti ba ya biyan abin da aka kashe. A Jamus gwamnatocin jihohi da na birane ne ke cike giɓin, a Amurka kuwa masu hannu da shuni ne. Kamfanin New York City Opera ya durƙushe a 2013. Gidan Metropolitan na birnin New York, mai kujeru kusan 3,800, ya kasance a rufe daga Maris na 2020 zuwa Satumba na 2021 saboda annobar korona, kuma a Disamba na 2022 ya sanar cewa zai ciri abin da ya kai dala miliyan 30 daga asusun ajiyarsa domin ya ci gaba da aiki. A Nuwamba na wannan shekarar hukumar da ke raba tallafin fasaha a Ingila ta cire English National Opera daga jerin waɗanda take ɗaukar nauyinsu a kai a kai, ta nemi kamfanin ya mai da cibiyarsa wajen Landan. Koken da masu waɗannan gidaje ke maimaitawa shi ne mafi yawan masu sayen tikiti furfura ta kama su, kuma ba a ganin isassun matasa da za su gaje kujerunsu. A Disamba na 2023 UNESCO ta shigar da salon rera opera na Italiya cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, jerin da bikin kamun kifi na Argungu ya shiga tun 2016.

Ana yawan cewa matasan yanzu ba su da haƙurin zama, waya ta lalata su. Ban yarda da wannan bayani ba, domin yaron da ake zargi da rashin haƙuri shi ne ke kallon fim ɗin Indiya na awa uku, cike da waƙoƙi, bai motsa ba. Ya zauna ne saboda ya san dokokin abin da yake kallo: ya san lokacin da waƙa za ta shigo da abin da take nufi. Wanda aka ajiye gaban opera ba tare da an gaya masa dokokinta ba, ihu kawai zai ji cikin harshen da bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne. Aikinka duka shi ne ka ba shi waɗannan dokoki kafin ka kunna.

Fara da kunnen da suke da shi

Zaman farko kada ka kunna opera ko ta minti ɗaya. Ka samo waƙar fada cikakkiya ta makaɗan kotso, irin su Musa Ɗanƙwairo Maradun ko Sa'idu Faru, ka sa a saurare ta ba tare da an tsallake komai ba. Bayan ta ƙare ka tambaye su inda jagora ya ajiye magana da inda 'yan amshi suka karɓe, sau nawa aka koma wa gindin waƙa, wane ɗa ne na yabo, wane ne na zambo ko habaici, da abin da kiɗan ya yi lokacin da magana ta yi zafi. Za ka ga da yawansu sun san amsoshin amma ba su taɓa furta su ba. Mutumin da ya tashi a ƙasar Kabi ko Zamfara ya riga ya saba da doguwar waƙa mai jagora da amshi, wadda fada ke ɗaukar nauyinta, wadda kuma ake nanata layi ɗaya a cikinta har ya zauna a zuciya. Wannan sabo jari ne babba wanda yawancin matasan Turai ba su da shi.

Daga nan sai ka bayyana musu sassan opera da waɗannan kalmomi nasu. Akwai wuraren da ake rera magana da sauri, kusa da yadda ake hira, domin labari ya ci gaba. Akwai ariya, wato inda labari ke tsayawa cik, mutum ɗaya ya rera abin da ke cikin ransa na minti uku ko biyar, yana nanata kalmomi kaɗan. Akwai inda mutum biyu ko huɗu ke rerawa tare, akwai kuma amshin taron jama'a. Ka nuna musu bambancin da ke tsakani ma, don kada su ɗauka abu ɗaya ne. Makaɗin fada yana ƙara sabon ɗa a waƙarsa gwargwadon wanda ya gani a wurin, amma a opera kowane sauti a rubuce yake a takarda, kuma abin da mawaƙiya ta rera a Milan shi ne abin da wata za ta rera a Alƙahira, illa 'yar ƙawa da aka yarda ta ƙara.

Abu na biyu da zai ba su mamaki shi ne a al'adance mawaƙan opera ba sa amfani da makirufo. Murya ɗaya ce za ta ratsa makaɗa tamanin ta isa kujerar ƙarshe a ɗakin da ke ɗaukar dubban mutane. Ana samun haka ne da horo na shekaru a kan numfashi da kuma yadda ake buɗe maƙogwaro, har murya ta sami wani kaifi a daidai inda sautin kayan kiɗa ba shi da ƙarfi. Wannan ne dalilin da ya sa muryar ke zama baƙuwa a kunnen wanda ya saba da waƙar situdiyo, kuma idan ɗalibai suka san dalilin sai dariyar da za su yi a minti na farko ta ragu. Ka koya musu sunayen muryoyin a taƙaice: sofrano ita ce muryar mace mafi sama, mezo da kwantaralto suna ƙasa da ita, teno ita ce muryar namiji ta sama, bariton ta tsakiya, bas kuwa mafi kauri.

Wadda za ka zaɓa

Shawarata ita ce ka fara da Rigoletto ta Giuseppe Verdi, wadda aka fara nunawa a Benis a watan Maris na 1851. Kiɗanta bai wuce kimanin awa biyu ba, kuma labarinta Bahaushe zai gane shi nan take, domin jarumin wawan sarki ne. Rigoletto mai ƙusumbi ne da ke ba wa wani basarake mazinaci dariya ta hanyar cin mutuncin mutane. Wata rana ya yi wa wani dattijo ba'a bayan basaraken ya lalata masa ɗiya, dattijon kuwa ya tsine musu su biyu. Shi ma Rigoletto yana da ɗiya, Gilda, wadda ya ɓoye a gida ba ya barinta fita sai wurin ibada. Basaraken ya gano ta, ya yaudare ta da sunan shi ɗalibi ne matalauci, fadawa kuma suka sace ta suka kai masa. Uban ya yi hayar mai kisa, amma yarinyar ta miƙa kanta a madadin mutumin da ya yaudare ta, kuma ita ce uban ya tarar a cikin buhun da aka ba shi. Tsinuwar dattijo da tsoron uba a kan ɗiyarsa da sharrin fadawa duk abubuwa ne da ba sai an yi wa ɗan Argungu dogon sharhi a kansu ba. Ka ƙara musu cewa masu tace wasanni na wancan lokaci sun tilasta wa Verdi ya sauya sarkin Faransa na asalin labarin zuwa wani basarake na Mantuwa, domin ba su yarda a nuna sarki cikin wannan hali ba.

Kada ka fara da Richard Wagner, marubucin opera na Jamus. Babban aikinsa, wanda aka fara nunawa cikakke a Bayreuth a 1876, opera huɗu ne da ke cin kimanin awa goma sha biyar.

Wajibi ne ka kalli bidiyon da ka zaɓa kai kaɗai daga farko har ƙarshe kafin ka nuna wa kowa. Opera ɗaya tana da shiri iri-iri, kuma wasu daraktocin zamani, musamman a Turai, suna sa tsiraici ko abubuwan da ba su cikin rubutun asali, ga shi kuma fitowar farko ta Rigoletto biki ne a fadar mutumin banza. Ka nemi shiri na gargajiya mai suturar da ta dace, in kuwa ba ka samu ba ka kashe hoton a wannan fitowar a saurari sauti kawai. Idan akwai 'yan mata a cikin ɗalibanka, ka sanar da shugaban makaranta abin da za a nuna tun da wuri. Kuskure ɗaya a nan ya isa ya rufe ƙofar gaba ɗaya, kuma iyaye suna da haƙƙin sanin abin da aka nuna wa 'ya'yansu.

Sannan ka ba da labarin duka da Hausa kafin a fara, har da ƙarshensa. Wasu malamai suna ɓoye ƙarshe don kada su rage wa kallon armashi, amma a opera wannan kuskure ne, domin mafi yawan masu zuwa kallonta sun san yadda za ta ƙare, abin da suke jira shi ne yadda za a rera. Ka rubuta sunayen mutum biyar na cikin wasan a allo, kowane da muryarsa: basarake teno, Rigoletto bariton, Gilda sofrano, mai kisa bas, ƙanwarsa Maddalena kwantaralto.

Kayan aiki da lokaci

Dandalin OperaVision, wanda ƙungiyar gidajen opera na Turai ta buɗe a 2017 da tallafin Tarayyar Turai, yana nuna cikakkun wasanni kyauta a shafinsa da kuma YouTube, tare da fassarar Ingilishi a ƙasan allo, sai dai kowane wasa yakan zauna na 'yan watanni ne a cire shi. Ka gaya wa ɗalibai cewa karanta fassara ba gazawa ba ce, domin tun 1983, lokacin da wani kamfani a Toronto na Kanada ya fara haska fassara a saman dandamali, haka masu kallo a manyan gidaje ke bin labarin. Ka gwada intanet na ɗakin kwana ɗaya kafin zaman, in manhajar ta ba da damar saukewa kuwa ka sauke tun da dare.

Sauti ya fi hoto muhimmanci. Ƙaramin allo da sifika mai kyau sun fi babban majigi da sifika mai ƙara. Opera tana sauka ƙasa har kamar raɗa sannan ta tashi da ƙarfi ba zato, saboda haka ka daidaita ƙarar da wuri mafi ƙarfi, kada ka riƙa murɗawa ana cikin kallo. Ƙarar janareto tana cinye wuraren raɗar gaba ɗaya, don haka batirin sola ya fi, in kuma dole sai janareto a kai shi bayan gini da doguwar waya. Safiyar Asabar ta fi dacewa, daga ƙarfe goma zuwa kafin Azahar. Rigoletto kashi uku ce: na farko yana cin kusan awa ɗaya, na biyu da na uku kowanne kimanin rabin awa, kuma ka ba da hutun minti goma a tsakaninsu domin a sha ruwa a yi tambaya. Mutum goma sha biyar zuwa ashirin sun isa zama ɗaya.

Inda ya kamata ka daɗe

A kashi na uku akwai wurin da ya cancanci ka tsayar da bidiyo ka maimaita, domin a nan ne ɗalibi zai ga abin da opera ke iyawa wanda wasan magana ba ya iyawa. Dare ne a wani tsohon masauƙi a bakin kogi. A ciki basarake yana zawarcin Maddalena. A waje Rigoletto ya kawo ɗiyarsa ta leƙa ta tsagar bango domin ta ga ko wane ne mutumin da take so. Su huɗun suna rerawa a lokaci ɗaya, kowa da abin da ke ransa. Muryar basarake tana tafiya a miƙe, mai santsi, ta mutumin da ya saba yaudara. Maddalena tana amsa masa da gajerun sautuka masu tsalle, dariya ce ta wadda ta san ƙarya ake mata. Muryar Gilda tana tashi sama tana yankewa kamar shessheƙa. Ta uban kuwa tana can ƙasa, a daure, yana ce mata ta bar kuka, shi zai ɗau fansa. Da a wasan magana mutum huɗu suka yi haka, hayaniya ce za ta fito, amma a nan kunne yana jin huɗun a rarrabe kuma a haɗe.

Ka raba ɗaliban gida huɗu, kowane rukuni ya bi murya ɗaya, ka kunna wurin, sannan su yi musanya ka sake kunnawa. Minti biyar ne kacal, don haka maimaitawa sau huɗu ba za ta ci lokaci ba. Bayan haka ka ja hankalinsu ga abubuwa biyu da ke tafe. Lokacin da hadari ya taso, 'yan amshi ne a bayan dandamali ke yin kukan iska da bakinsu a rufe. Kuma waƙar nan mai sauƙi da basarake ya rera a farkon kashin, wadda yake kushe mata a cikinta, za ta sake fitowa daga nesa a daidai lokacin da Rigoletto ke jan buhu zuwa kogi yana murna. Da jin wannan waƙa ya gane cewa wanda ya biya a kashe yana raye. Ba wanda ya zo ya gaya masa, kiɗan ne ya ba da labarin, kuma ɗalibin da ya kama wannan ba ya bukatar a sake lallashinsa ya zauna.

Idan an gama kada ka tambaye su ko sun ji daɗi, domin kunya za ta sa su ce e. Ka tambaye su wa ya fi laifi tsakanin basarake da uban da ya kulle ɗiyarsa har ba ta san mutane ba, ka bar su su yi gardama.

Abin da zai biyo baya

Wani zai ce wannan abin Turawa ne, ina ruwanmu. Ka amsa masa da tarihi. Aida ta Verdi a Alƙahira aka fara nuna ta, a Disamba na 1871, kuma jarumarta gimbiyar Habasha ce. A nan Nijeriya Duro Ladipo ya kai wasansa na Yarbanci mai waƙa da ganguna, Oba Koso, bikin fasaha na birnin Balin na Jamus a 1964, kuma ƙungiyar raya kiɗa ta Nijeriya, MUSON, da aka kafa a Legas a 1983, tana horar da mawaƙa. A 2005 wani fim da ya mai da operar Carmen zuwa harshen Khosa na Afirka ta Kudu ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Balin. Pretty Yende ta Afirka ta Kudu tana da shekara goma sha shida ta ji wani ɗan gutsuren opera a tallar kamfanin jirgin sama a talabijin, daga nan ta nemi koyo, kuma ita ce ta rera a bikin naɗin Sarki Charles na Ingila a Mayu na 2023. Labarinta ya nuna cewa gutsuren da ke yawo a waya yana iya kama zuciya, saboda haka ka tura wa ɗalibai gajerun ariyoyi ta WhatsApp tsakanin zama da zama. Amma kada gutsure ya maye gurbin cikakken wasa. Wannan haɗari ne da waƙoƙin fadarmu ma ke fuskanta, inda matashi ya san daƙiƙa talatin na waƙar Ɗanƙwairo daga TikTok bai taɓa jin sauran ba.

Bayan Rigoletto za ka iya kawo Aida, ko La bohème ta Puccini ta 1896, labarin matasa matalauta a ɗakin haya. Bayan wasa biyu ko uku kuwa ka sa ɗaliban su shirya nasu na Hausa, wanda bai wuce minti goma sha biyar ba, domin wanda ya gwada da kansa ya fi sanin wahalar abin da yake saurare. Tarihin Kanta, wanda ya ɓalle daga Songhai a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, yana da isasshen abin da za a ɗebo, ko kuma su ɗauki rikicin gida na yau da kullum. Su nemi mai kalangu ko mai goge ko mai sarewa daga cikin gari, a biya shi haƙƙinsa yadda ya kamata, a kuma saurari shawararsa a kan inda amshi zai faɗa.

Akwai tarko ɗaya da kusan kowa ke faɗawa, wato ɗaukar karin waƙar Italiya a ɗora masa kalmomin Hausa. Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali, kuma idan kiɗa ya ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka, ko ya ja wadda ya kamata ta gajarta, kalmar takan rikiɗe ko ta rasa ma'ana. Saboda haka a fara rubuta maganar, ɗan wasa ya faɗe ta da ƙarfi sau da yawa har a ji hawa da saukarta, sannan a ciro karin waƙar daga nan. A sa ariya ɗaya, da wuri ɗaya da mutum biyu ke rera abubuwa mabambanta a lokaci guda, da amshi ɗaya na taro. A yi gwajin ƙarshe ba makirufo, wani ya tsaya a bayan ɗaki da takarda yana rubuta duk layin da bai ji kalmominsa ba, a gyara waɗannan layuka kafin a gayyaci iyaye.